Yadda ake karanta tsofaffin rubutattun waƙoƙin Hausa har a ji zaƙinsu

Tambaya: Malam, ina sha'awar tsofaffin rubutattun waƙoƙinmu, irin na su Nana Asma'u da Aliyu Namangi da Sa'adu Zungur. Na sayi littattafai, amma in na buɗe sai in ga kamar zube ne aka yayyanka layi-layi. Ba na jin zaƙin da ake faɗa, kuma kalmomi da yawa ban san su ba. Daga wa ya kamata in fara, kuma ta yaya ake karanta su?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ke hannunka a littafin boko rabin waƙar ne. An tsara waɗannan waƙoƙi don a rera su, kunne ya ji, a haddace. Ginshiƙinsu kari ne, wato awon sautin da waƙa ke tafiya a kansa, shi kuma karin an gina shi a kan tsawon wasali, abin da rubutun boko ba ya nunawa ko kaɗan. Duk wanda ya bi shafi da ido kawai, zube zai gani. Aikinka na farko shi ne ka koyi mayar wa waƙa abin da bugu ya zubar. Maganar wanda za ka fara da shi tana tafe daga baya, don ita ce mai sauƙin.

Gaɓar Hausa iri uku ce kacal. Akwai baƙi da gajeren wasali, kamar "da", ko "ci" na ƙarshen "abinci". Akwai baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar "ba" na farkon "babu", ko "kai" da "sau". Akwai kuma wadda baƙi ya rufe ta, kamar "nan", ko "sar" na "ƙasar". Ta farkon ita ce marar nauyi, masu nazari suna yi mata alamar v. Sauran biyun masu nauyi ne, alamarsu –. Awon waƙa ba ruwansa da yawan haruffa ko yawan kalmomi, wannan bambanci kaɗai yake dubawa.

A nan ne masu koyo suke fara tuntuɓe. Wasu suna ɗaukar ts da sh da ky da gw da ƙw a matsayin baƙaƙe biyu, sai su raba "Katsina" su ce Kat-si-na, su ba ta gaɓa mai nauyi a farko. Ka-tsi-na ce, marasa nauyi uku a jere. Baƙin da aka ninka kuwa rabuwa yake yi, "babba" bab-ba ce, mai nauyi da marar nauyi. Babban tarkon shi ne kalmomin da boko ke rubutawa iri ɗaya. "Suna" na "suna zuwa" v – ne, "suna" na raɗin suna – – ne. "Gari" na mazauni v – ne, "gari" na tuwo – – ne. Mafi yawan ɓarna kuma tana fitowa daga ƙananan kalmomi: "ya" na "Audu ya zo jiya" dogo ne, amma na "ce masa ya zo" da na "shi ne ya zo" gajeru ne. Haka "ta" da "na" da "ka". In ka karanta gajere a inda mawaƙi ya nufi dogo, ka karya masa kari kuma ka sauya masa ma'ana, labari ya koma umarni. Doka ɗaya za ta rage maka wahala: gaɓar ƙarshen ɗango, wato layi ɗaya na waƙa, ana lissafa ta mai nauyi ce ko da gajeriya ce a magana.

Awon da yawancin waɗannan mawaƙa suka bi shi ne aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 Miladiyya. Ya fitar da karuruwa 15, wani malami mai suna Ahfashu ya ƙara Mutadarak suka zama 16. Malaman ƙasar Hausa sun tashi da Ishiriniya da Burda da waƙoƙin Shu'ara, tsofaffin mawaƙan Larabawa, a zaure, kunnensu ya jiƙu da waɗannan karuruwa tun kafin su karanci ƙa'idarsu. Da yake Hausa ma tana rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar Larabci, awon ya zauna mata ba tare da tilas ba. Ba sai ka haddace duka 16 ba. Kamil, Basiɗ, Ɗawil, Wafir, Mutaƙarab, Ramal, Rajaz, Hafif da Mutadarak sun ɗauke mafi yawan abin da za ka tarar.

Fara da Mutaƙarab, don ƙafarsa, wato gungun gaɓoɓin da ake gina kari da shi, ɗaya ce ake maimaitawa: fa'ulun, wato v – –. Ga ɗango biyu da na ƙaga don misali kawai:

Mutanen ƙasar nan suna son karatu,
Matasan garin nan suna yin rubutu.

Rubuta su da ninka dogayen wasula, ka raba: mu-taa-nen / ƙa-sar-nan / su-naa-son / ka-raa-tuu. Ƙafa huɗu, kowacce v – –. Na biyun ma haka: ma-taa-san / ga-rin-nan / su-naa-yin / ru-buu-tuu. Yanzu cire "mutanen" ka sa "malaman". Ma'ana ba ta lalace ba, yawan gaɓoɓi bai sauya ba, amma maa-la-man – v – ne, kuma da ka rera za ka ji harshenka ya yi karo. Wannan karon da kunne ke ji shi ne kayan aikinka mafi daraja, za mu dawo kansa.

Kamil ya fi yawa a waƙoƙin wa'azi da bege, kuma ya fi rikita mai koyo, saboda ƙafarsa tana da fuska biyu. Asalinta mutafa'ilun, v v – v –, amma an yarda marasa nauyi biyun farko su haɗe su zama mai nauyi ɗaya, ta koma – – v –. Duba wannan:

Allah ya ba mu zaman da babu baƙin ciki.

Al-lah-ya-baa / mu-za-man-da-baa / bu-ba-ƙin-ci-kii. Ƙafar farko – – v –, biyun da suka biyo v v – v –. Ka lura ƙafa ba ta damu da iyakar kalma ba, ta tsaga "babu" gida biyu. Wanda ya nace sai kowace ƙafa ta ƙare tare da kalma ba zai taɓa fitar da kari ba. Ka lura kuma ɗango ɗaya na iya ɗaukar gaɓa 12, na kusa da shi 15, duka Kamil ne lafiyayye. Shi ya sa ƙirga gaɓoɓi da yatsa ba ya kai mutum ko'ina.

Ga inda rikicin yake. Wannan fuska ta biyu, – – v –, ita ce kuma ƙafar Rajaz, mustaf'ilun. In ka auna baiti ɗaya ka tarar duk ƙafafunsa haka suke, ba ka da hujjar yanke hukunci tukuna. Ci gaba. Da zarar ka ga ƙafa mai v v – v – ko da sau ɗaya ne, waƙar Kamil ce. In kuwa abin da ke ta fitowa v – v – ne ko – v v –, Rajaz ne. Don haka kada ka sanya wa waƙa sunan kari sai ka auna baiti goma aƙalla, kuma kada ka dogara da baitin farko. Mabuɗi yakan cika da basmala da sunayen Larabci, inda mawaƙi ke jan wasali ko ya taƙaita shi don lalurar waƙa. Fara awonka daga baiti na biyar ko na shida, ka dawo mabuɗin bayan kari ya zauna maka. Sauran ƙafafun da za ka buƙata kaɗan ne: Ramal – v – –, Wafir v – v v – ko v – – –, Basiɗ yana jera – – v – da – v –, Ɗawil yana jera v – – da v – – –.

Yadda za ka yi a zama ɗaya shi ne ka kwafe baiti goma da hannunka, kana barin layi biyu a ƙarƙashin kowane ɗango. A layin farko ka sake rubuta ɗangon da ninkakkun wasula, a na biyu ka sa alamomi. Kada ka ja layin raba ƙafa sai ka gama duka goman, sannan ka duba daga sama zuwa ƙasa ka ga gurbin da marar nauyi ke dawowa kullum. Wannan gurbi shi ke fallasa karin. Daga nan ka rera karin da "la" da "laa" ba kalmomi, kana buga yatsa a tebur, har ya kama bakinka, sannan ka ɗora kalmomin. In akwai dattijo a unguwarku da ke rera Ishiriniya, ko makaho mai bara da Imfiraji, zauna kusa da shi. Abin da kunne zai ɗauka a wurinsu ya fi abin da alamomi za su ba ka sauri. In kuma ka yi duk wannan waƙa ta ƙi shiga kowane kari na Larabci, ba lallai kai ne ka kuskure ba. Mawaƙan ƙarni na 20 da dama sun ɗauko kari daga waƙoƙin makaɗa da na dandali, waɗanda ke tafiya a kan bugun kiɗa.

Yanzu mu koma kan karon nan da kunne ke ji. In ɗango ya karye a waƙar gwanin mawaƙi, zargi mai kwafe ko mai bugu kafin ka zargi mawaƙin. Waƙoƙin ƙarni na 19 mafi yawansu da Sakkwatanci aka yi su, kuma masu juya su zuwa boko sukan "gyara" su zuwa daidaitacciyar Hausa da kyakkyawar niyya. Wani gyaran ba ya cutar da kari: "shina" da "yana" nauyinsu ɗaya, haka "hulla" da "hula". Wani kuwa kisa ne. "Sunka" – v ce, "suka" v v ce. Haka "munka" da "anka". "Yaz zo" – – ne, "ya zo" na daidaitacciya a wannan gurbi v – ne. In ɗango ya ƙare da "na" ko "ta" na Sakkwatanci aka mayar da su "ne" ko "ce", amsa-amo, wato sautin da ƙarshen ɗangogi ke haɗuwa a kai, ya tafi. Saboda haka in ka tarar ƙafa ta rasa nauyi, nemi "suka" ko "aka" ko "ya" a cikinta ka mayar da ita yadda Basakkwace zai faɗa. Sau da yawa nan take ɗangon ke miƙewa.

Wannan ne ya sa nake ganin duk mai son waɗannan waƙoƙi da gaske ya koyi ajami, kuma wanda ya yi makarantar allo kwana kaɗan zai ɗauka. Ajami yana nuna tsawon wasali: wasali bisa da alif, wasali ƙasa da ya, rufu'a da wau. Wasalin e ana yin sa da yamala, ɗigo mai kauri a ƙarƙashin harafi irin na ƙira'ar Warshu. Rauninsa a wani wuri yake. O da u duk rufu'a ce, b da ɓ sau da yawa harafi ɗaya ne, ma'ana ce za ta raba maka. Harafin ث shi ne c, غ shi ne g, ط shi ne ɗ, in an ɗora masa ɗigo uku ya zama ts, ض kuma l ake karanta shi. Rubutun namu na Magariba ne, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗigonta ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun Masar zai riƙa karanta ƙaf a matsayin fa, "ƙasa" ta zame masa "fasa". Masu kwafe kuma ba su cika kula da tsawon wasalin ƙarshen kalma ba, don haka a wannan gurbi kari ne alƙali.

Tsarin baiti ba ya buƙatar dogon bayani. Ana ƙirga ɗango ne: ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu, ƙwar biyar. Amsa-amon waje shi ne na ɗangon ƙarshe na kowane baiti, ba ya sauyawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Na ciki yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. Abin da ya cancanci tsayawa shi ne tahmisi, domin rashin saninsa yana sa a jingina wa mutum maganar wani. Tahmisi shi ne mawaƙi ya ɗauki waƙar wani 'yar ƙwar biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a saman kowane baiti, masu amsa-amo da ɗangon farko na mai asali, baiti ya zama ƙwar biyar. Ke nan a kowane baiti ukun farko na mai tahmisi ne, biyun ƙarshe na mai asali. Ishiriniyar da ake rerawa a masallatanmu haka take, asalin na Alfazazi ne, tahmisin na Ibn Mahib. A Hausa misalin da ya fi shahara shi ne Tabbat Haƙiƙa: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahmisi. Hannu uku ke nan a baiti ɗaya. Wanda ya ɗauko wata kalmar Hausa a ciki ya ce "dubi gwanintar Shehu da Hausa" ya yabi wanda bai zaɓi kalmar ba. Hanyar karanta tahmisi ita ce ka fara bin ɗango biyun ƙarshe kaɗai daga farko har ƙarshe, ka ji waƙar asali da zarenta, sannan ka dawo ka karanta duka. A nan za ka gane ko mai tahmisin ya ƙara haske ko ciko kawai ya yi, kuma gaskiya wasu ciko ne.

Ƙarshen waƙa ma'aji ne, kada ka tsallake shi don ka ga salati da addu'a. A nan mawaƙi yakan faɗi sunansa, wani lokaci da yawan baitocinsa. In ya ce ɗari ne ka ƙirga ka sami 94, kwafinka ya yi asarar shida, ka nemi wani. A nan kuma ake samun ramzi, wata kalma da sau da yawa ba ta da ma'ana a Hausa ko Larabci, wadda haruffanta ke ba da shekarar Hijira. Masu bugu da ba su gane ta ba sukan ɗauka kuskure ce su gyara ta, shekara ta ɓata.

Ana warware ramzi da hisabin abajada, amma na Magariba, wanda malaman nan suka gada. Daga alif zuwa nun duk ɗaya ne da na Gabas: ا 1, ب 2, ج 3, د 4, ه 5, و 6, ز 7, ح 8, ط 9, ي 10, ك 20, ل 30, م 40, ن 50. Haka ع 70, ف 80, ق 100, ر 200, ت 400, ث 500, خ 600, ذ 700. Haruffa shida ne suka saɓa. A namu ص 60 ne, ض 90, س 300, ظ 800, غ 900, ش 1000. A na Gabas kuwa س 60 ne, ص 90, ش 300, ض 800, ظ 900, غ 1000. Jadawalin da za ka samu a intanet ko a littattafan Masar galibi na Gabas ne, kuma shi ke jefa ɗalibai a rami. Ɗauki haruffan ش ر ل ب. A hisabinmu 1000 da 200 da 30 da 2 ne, jimla 1232, shekarar rasuwar Shehu Usmanu. A na Gabas 532 za ka samu, ka mayar da waƙar baya da shekara 700. Alama mai sauƙi: waƙar da aka yi tsakanin 1200 da 1299, wato daga ƙarshen 1785 zuwa 1882, ramzinta zai ƙunshi shin da ra. Ta ƙarnin da ya biyo zai ƙunshi shin da sin. Mawaƙi na iya jujjuya jerin haruffan don su shiga kari, wannan ba ya sauya jimla. Wasula ba a lissafa su, amma alif da wau da ya na ja in an rubuta su suna da 1 da 6 da 10, don haka daga ajami ake warware ramzi, daga boko hasashe ne.

Don komawa Miladiyya, raba shekarar Hijira da 33, cire abin da ka samu daga shekarar, ka ƙara 622. Ga 1232: rabawa ta ba da 37, cirewa ta bar 1195, ƙari ya kai 1817, daidai. Amma lissafin na iya kauce wa da shekara ɗaya, don shekarar Hijira tana hawa kan shekarun Miladiyya biyu. Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1218 aka yi ta, lissafi zai ba ka 1803, alhali a Fabrairun 1804 ne, saboda ta faɗo a ƙarshen shekarar. Sannan ka tambayi kanka shekarar mece ce ramzin ke nunawa. Tana iya zama ta waƙar asali, ko ta fassara, ko ta tahmisi. Shekarar da mai kwafe ya sa a ƙasa bayan "tammat", wato "ta kammala", kuma tasa ce, ba ta mawaƙi ba.

Maganar kalmomin da ba ka sani ba, sanin nau'in waƙar yana rage rabinta, domin kowane nau'i yana da rumbun kalmominsa da ake ta maimaitawa. Waƙar wa'azi tana bin hanya sananniya: rudin duniya, mutuwa, tambayar kabari, tashi, Mizani, Siraɗi, sannan wuta da Aljanna. In ka san sunayen wuta bakwai, Jahannama, Laza, Huɗama, Sa'ira, Saƙara, Jahimu da Hawiya, ka buɗe baitoci masu yawa a waƙoƙi da dama lokaci ɗaya. Waƙar bege da ta sira suna buƙatar tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: Halimatu, Isra'i da Mi'iraji, Badar, Uhudu, Hudaibiyya. Waƙoƙin tarihin jihadi, irin Waƙar Gewaye, taswira suke so a gefe, ka ga Degel da Gudu da Tabkin Kwatto da Tsuntsuwa da Alwasa, har zuwa Alƙalawa wadda aka ci a 1808. Waƙoƙin furu'a da tauhidi darasi ne aka sa wa kari don sauƙin hadda, Ahalari da Ishmawi za su fassara maka su, kuma kada ka nemi zaƙi da yawa a ciki, ba don shi aka yi su ba. Na taurari suna jera manzilolin wata 28, kowanne kwana 13, ɗaya 14, a cike 365, manoma su san lokacin shuka. Waƙoƙin siyasa na ƙarni na 20 kuwa jarida suke buƙata. Ba a fahimtar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur sai an san muhawarar gyaran tsarin mulki da ta kai ga taron Ibadan na 1950, kuma ana ƙara jin daɗinta in an haɗa ta da martanin Mudi Sipikin, Arewa Jumhuriya Kawai.

Daga wa za ka fara? Shawarata ka bi tarihi da baya-baya. Manhajar makaranta tana farawa da masu jihadi don su ne a gaba a zamani, amma su ne mafiya wuya: Sakkwatanci, Larabci mai yawa, fassara daga Fulatanci, kwafi masu saɓani. Fara da Mu'azu Haɗeja. Hausarsa a sarari take, karinsa a daidaice, jigoginsa irin su ilimi da giya da karuwanci ba sa neman sharhi, don haka hankalinka zai tafi kan awo kaɗai. Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali ma ta dace da wannan mataki, kuma za ta nuna maka rubutacciyar waƙa na iya siffanta duniya ba wa'azi kawai ba. Sai Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, da matan da aka tara waƙoƙinsu a Alƙalami a Hannun Mata, Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu. Aƙilu Aliyu ka ajiye shi sai ƙafarka ta yi ƙarfi. Na kusa ne a zamani, amma wasansa da harshe da zurfin kalmominsa sun fi na kowa, kuma mai koyo yakan ɓata lokaci a ƙamus har ya manta da kari.

Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, ita ce gadar da za ta kai ka tsohon salo, don jigonta na wa'azi da bege ne amma harshenta na ƙarni na 20. Daga ita ka shiga mutanen farkon zuwan Turawa: Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda aka naɗa a 1903 daga baya aka tuɓe shi aka kai shi Lakwaja, da Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga sannan Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, inda ya rasu a 1934. Waƙarsa ta Talauci da Wadata ba ta samu karatun da ya kamace ta ba a Nijeriya.

Sannan ka iso gidan Shehu, kuma ka shiga ta ƙofar Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Waƙoƙinta na Hausa da yawa don 'yan taru ta yi su, matan ƙauyuka da jajoji ke jagoranta suna koyar da su da ka, shi ya sa harshensu ya fi na sauran sauƙi. Jean Boyd da Beverly Mack sun tattara ayyukanta a 1997, kundin Bello Sa'id na 1978 a Jami'ar Bayero kuma ya tara waƙoƙin masu jihadi da dama a boko. A wannan mataki kada ka yarda da kwafi ɗaya. Nemi na biyu, na ajami in da hali, a Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen ajami na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Takardun ba ɗinkakku ba ne, warwatse suke a cikin gafaka, kuma sukan hautsine. Kafin ka karanta komai duba kalmar da mai kwafe ya rubuta ita kaɗai a ƙasan bayan kowace takarda. Ita ce kalmar farko ta takardar da ke biye. In ba ta dace da abin da ke gaba ba, ko an sauya jeri ko takarda ta ɓata, sai ka jera su daidai tukuna ka fara ƙirga baitoci.